Shafin da Aka Ƙunshe Doya da Shi

Ɗiyar ƙanwata ce, kuma sunan mahaifiyarmu aka sa mata, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba. Uwata nake ce mata tun tana zanen goyo, ita kuma ta ce mini Kawu. Yau a Minna mutane da yawa sun san ta da rubuce-rubuce da harkar watsa labarai. Kaɗan ne suke tuna ƙaramar jaridar da ta fara da ita, kuma cikin masu tunawar ban san ko akwai wanda ya riƙe shafinta na ƙarshe a zuciya ba. Ni nake rubuta shafin nan da hannuna, cikin ajami. Yadda aka raba mu da shi nake son in faɗa, domin har gobe idan na tuna sai na yi istigfari kafin in koma kan abin da nake yi.

Kakanmu aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi garin nan, ya zauna a Sabon Gari, a nan aka haifi iyayenmu, aka haife mu. Ni ɗinki na gada, da karatun allo, daga baya na yi shekaru ina ɗaukar karatun littattafai a zauren wani malami, Allah Ya haskaka kabarinsa. A wurinsa hannuna ya faɗa da ajami. Boko sai da na girma na koya, ina karantawa amma a hankali. Uwata kuwa boko ta yi har kwaleji. Da ta gama, tsararrakinta suka shiga zagayen ofisoshi da takardu a hannu, ita ta ce ba ta da ƙafar wannan yawo. Ta kama ɗan shago a unguwar Dutsen Kura, ta sa kwamfuta guda da injin ɗaukar hoton takarda, tana buga wa mutane wasiƙu da katin biki da takardun ɗalibai. Idan babu kowa a shagon sai ta rubuta nata labaran, ta buga, ta ɗinke su da kanta, ta kai gidajen suna da biki mata su saya.

Daga nan ta ce jarida za ta fitar. Da yawa a cikin dangi sun yi mata dariya, har da mahaifiyarta. Shafi takwas ce jaridar, tana fita duk bayan mako biyu, da Hausa. Ba ta shiga rigimar manya. Abin da take bi shi ne famfon da ya daina kawo ruwa, da kwatar da ta toshe, da yadda ake jiran layi a asibiti, da sanarwar aure da ta rasuwa. Ita ce mai neman labari, ita ce mai bugawa, ita ce mai zuwa wurin 'yan kasuwa neman talla, ita ce kuma mai ɗora ɗaurin jaridu a bayan ɗan acaɓa ta rarraba wa masu sayarwa.

Wata rana da hantsi ta zo shagona, ta ture yadin da ke kan benci ta zauna. Ta ce wani dattijo ya shigo shagonta a buga masa takarda, ta miƙa masa jarida kyauta, ya jujjuya ta ya mayar mata, ya ce shi wannan rubutu ba nasa ba ne. Sai kuma ya ciro ɗan littafi daga aljihu yana neman lambar ɗansa, ta leƙa ta ga sunayen duka da ajami ya rubuta su, tsaf-tsaf, har da wasula. Ta ce tun ranar abin yake damunta, domin irin wannan mutum ake kira jahili a takardun hukuma, alhali ya fi wasu masu shaidar makaranta iya riƙe alƙalami. Tana so in riƙa rubuta mata shafi ɗaya da ajami.

"Amma da sharaɗi, Kawu," in ji ta. "Jarida ba littafi ba ce. Yau a karanta, gobe a ƙunshe ƙosai da ita. Kada ka sa aya, kada ka sa hadisi, kada sunan Allah ya shiga ko sau ɗaya."

Na ce mata abin da ke bakina ke nan ta riga ni. Ni mutum ne da in na ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa sai na duƙa na ɗauka, na duba, in akwai abin girmamawa a ciki na soke ta a tsagar bango ko na kai gida na ƙona. Haka aka tarbiyyantar da mu. Na ɗauka sharaɗin mai sauƙi ne, sai da na zauna rubutu na gane nauyinsa. Hannuna bai saba fara komai ba tare da basmala ba. Kuma wanda bai gwada ba ba zai san yadda Bahaushe yake wahala in an ce ya cika shafi bai ambaci Ubangiji ba. Ka zo za ka ce gobe za a yi kaza, bakinka ya riga ya ce in Allah Ya yarda. Ka zo za ka ce damina ta yi kyau, godiya ta biyo baya da kanta. Takarda uku na ɓata a ranar farko. Daga baya na sami dabara: in yi basmala da baki, in faɗi duk abin da ya kamata a faɗa da baki, hannu kuma ya rubuta zallan labari. In na gama sai in bi shafin layi-layi da yatsa sau biyu, Uwata ma ta zo in karanta mata da ƙarfi ta saurara.

Ranar Talata nake rubutun, bayan na buɗe shago kafin masu kawo ɗinki su yawaita. Alƙalamin kara nake feƙewa, in dama tawada baƙa ƙirin, in ja layi da fensir a farar takarda mai faɗi. Wasulan ma da baƙi nake yi, domin ta ce ja ba ya fita a bugu. Irin rubutun da muka tashi da shi a allo nake yi, mai kauri, wanda duk wanda ya zauna gaban malami zai gane. Ita sai ta ɗauki hotonsa da injinta ta kai maɗaba'a. Abin da ke ciki kuwa ita take kawo mini, ni in mayar da shi maganar da tsoho zai fahimta: yadda ake gane takin zamani na jabu, ranar da masu rigakafi za su shigo unguwa, kada ka faɗa wa wanda ya kira ka a waya lambar sirrin katinka ko da ya ce daga banki yake, yadda ake adana doya kada ta ruɓe.

Shafin ya karɓu fiye da yadda muka zata. Wani direban bas da ke zirga-zirga tsakanin Minna da Paiko ya riƙa ɗaukar ɗauri guda duk fitowa, ya ce ranar kasuwa akwai dattawan da ke jiransa a gindin wata bishiyar mangwaro, ɗaya ya karanta saura su saurara. A unguwarmu ma tsofaffin mata da suka yi allo tun suna yara suka fara aiko jikoki a sayo musu. Wata ta tare ni a hanya ta ce rabon da ta karanta wani abu sabo da idonta tun kafin ta yi aure. Na fi shekara biyu ina wannan aiki, kuma ban taɓa jin wanda ya ce uffan ba.

Sai ranar da wani mutum ya sayi soyayyar doya a bakin tasha. Mai shagon kayan gini ne, gidansa bai fi gida huɗu da nawa ba, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Mai tuyar wata mata ce 'yar kudancin Kaduna, Kirista, ta daɗe a wurin, kowa yana cin doyarta. Kamar kowace mai tuya, tsofaffin jaridun da ba a sayar ba take karɓa a wurin masu sayarwa tana ƙunshe abinci. Aka yi daidai ta yago shafina ta zuba masa doya da yaji a kai. Ya buɗe ya ga haruffan Larabci sun jiƙe da mai.

To, a nan ne nake tsayawa kullum in na zo ba da labarin. Mutumin nan yana da ido, yana karanta Alƙur'ani, da ya tsaya ya haɗa baƙi uku da ya ji Hausa ce take fitowa. In ya kasa, ƙofata a buɗe take, tafiyar da ba ta kai ta zuwa alwala ba. Bai karanta ba, bai zo ba. Ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, ya naɗi murya yana kuka-kuka, yana cewa wata mata ta buga Alƙur'ani a jarida don neman kasuwa, ga shi yanzu ana cin doya a kai. Kafin azahar saƙon ya zagaye gari. Kafin la'asar ya dawo wayar matata daga wata 'yar'uwarta da ke wata jiha, an ƙara masa cewa da gangan aka yi. Mutanen da suka tura shi, da yawansu na ɗinka musu kayan sallah. Babu ko ɗaya da ya buɗe hoton ya ƙara masa girma ya duba abin da aka rubuta.

Washegari masu sayar da jarida suka dawo wa Uwata da ɗaurinta ko kwancewa ba su yi ba. Suka ce su yi haƙuri da ita, ita ma ta yi haƙuri da su, suna da iyali. Masu talla biyu suka aiko a cire sunansu. Mai tuya kuwa wasu matasa suka je suka kifar mata da kasko, ta gudu gida ta kulle ƙofa.

Limamin unguwa, dattijo mai sanyin hali, ya kira zama a zauren mai unguwa bayan la'asar. Zauren ya cika. Uwata ta zauna a bakin ƙofa kan tabarma, kusa da ita mai tuya da mijinta, matar tana ta murza bakin zaninta. Aka fara da mai tuyar. Da irin Hausarta ta ce ita ba ta san karatu ba, na boko ma ba ta yi nisa ba, takarda dai takarda ce a wurinta, kuma da ta san abin Musulmi ne ko taɓawa ba za ta yi ba. Mai kayan gini ya miƙe ya yi dogon jawabi a kan girman littafin Allah, abin da babu wanda ya zo yin musu a kai. Sannan ya ciro takardar daga cikin leda da yatsu biyu ya ajiye gaban liman.

Na nemi izini na ɗauka. Man suya ya sa ta zama garai-garai, ga jan yaji a gefe, amma rubutuna yana nan. Na karanta musu daga farko har inda ta yage, ban tsallake kalma ba. Ka zaɓi doyar da fartanya ba ta ji wa rauni ba. Kada ka tara ta a ƙasa inda danshi yake. Ka yi mata rumfa mai shan iska, ka riƙa dubawa kana karye tsiron da ya fito. Wani a bayan zaure ya yi dariya ya maza ya haɗiye ta. Na miƙa takardar ga mai kayan gini na ce ya nuna mini aya ɗaya, ko kalma ɗaya ta Larabci wadda ba ta zama Hausa ba. Bai karɓa ba. Ya ce ko ma mene ne, haruffan dai na Alƙur'ani ne.

Na yi shakkar abin da zan yi bayan nan, domin ina tsoron kada in ƙara wa wutar mai. Amma zuciya ta ci ni. Na juya takardar. Bayan shafina, shafi na bakwai ne, inda ake buga sanarwar rasuwa da boko. Na karanta musu ita ma. Daga istirja'in da aka buɗe da shi, wato innalillahi, zuwa addu'ar rufewa, sunan Allah ya zo sau biyar a wannan 'yar yagaggiyar takarda, kuma duk mai ya jiƙa shi.

Na ce, "Malam, ga inda sunan Ubangiji yake. Shekara nawa kana cin tsire da ƙosai a kan irin wannan? Ni da na hana hannuna rubuta shi don gudun wannan rana, ni ka ɗauki hoton rubutuna?"

Ya ce, "Wannan ai boko ne."

Haka ya faɗa, a gaban liman, a gaban mai unguwa, kuma mutane suka gyaɗa kai kamar ya kawo hujja. Wato a wurinsu sunan Allah ba shi da alfarma sai in da wane irin alƙalami aka rubuta shi, amma bayanin ruɓewar doya ya zama abin tsarki saboda ya fara daga dama. Na karanta littattafan fiƙihu gwargwadon abin da Allah Ya hore mini, ban ga inda aka ce haka ba. Iyayenmu da ajami suke rubuta wasiƙar ciniki, da shi suke rubuta maganin basir, da shi mace take aika wa mijinta cewa hatsi ya ƙare. Babu wanda ya ce sun saɓa. Sai a zamaninmu, da muka bar rubutun har muka manta ana rubuta Hausa da shi, muka koma muna tsoronsa.

Uwata ta yi magana a taƙaice. Ta faɗi sharaɗin da ta gindaya mini tun ranar farko. Ta ce ta yarda ta riƙa karɓe duk jaridar da ba a sayar ba da kanta, kada ta kai hannun masu tuya. Ta yarda a buga gargaɗi a ƙasan shafin da ajami da boko cewa kada a ƙunshe abinci da shi. Ta ce akwai mutanen da wannan shafi ne kaɗai abin da ake rubutawa dominsu a duk faɗin garin nan, a dubi Allah a dube su.

Liman ya shafa gemu. Sannan ya ce gaskiya tana wurinmu, ya ji da kunnensa, babu aya babu hadisi, kuma wanda ya yaɗa saƙon ya yi gaggawa. Amma mai wucewa a titi ba zai tsaya ya karanta ba, abin da ya faru jiya zai iya sake faruwa gobe, kuma ba a san inda zai tsaya ba. Don zaman lafiya, a cire shafin. Mai unguwa ya ce shi ma ra'ayinsa ke nan. Na jira in ji an ce wa mai kayan gini ya naɗi wata muryar ya janye ƙaryar da ya yaɗa. Na jira in ji an ce a nemo waɗanda suka kifar da kaskon matar nan su biya ta. Aka shafa fatiha aka tashi. Mutane suka yi layi suna gaisawa da mai kayan gini, wai Allah Ya saka masa da kishin addini.

Da muka fito na ce wa Uwata kada ta yarda. Hukuncin zaure ba na kotu ba ne, in masu sayarwa sun ƙi, ni zan ɗauki jaridar a kaina in bi kasuwa. Ta juya ta kama hanyar gida. Kwana huɗu ban gan ta ba. Ashe kullum sai ta bi ta bakin tasha ta ga wurin mai tuya wayam, ta je gidan ta tarar 'ya'yan matar ko makaranta ba sa zuwa. Rana ta biyar ta zo shagona, ta zauna a bencin nan.

"Kawu, da ni kaɗai ce da na tsaya," in ji ta. "Ni in an zage ni gida zan koma, ina da kai, ina da dangi. Ita in aka sake samun takardar nan a hannunta, ko a hannun wata irinta, ba kasko za a kifar ba."

Na ce, "To mu da muke da gaskiya mu ne za mu janye, Uwata?"

Ta ce, "Mu ne."

Ban sake ce mata komai a kai ba, domin na san ta fi ni jin ciwon. Ita ta je da ƙafarta ta raka mai tuya ta sake kafa murhu, ta zauna a wurin ta sayi doya ta ci a gaban kowa. Jaridar ta ci gaba da fita, shafin ƙarshe aka cika shi da tallace-tallace. Bayan wasu shekaru, da waya ta cinye kasuwar takarda, ta rufe ta, ta sayi fili a gidan rediyo, daga baya ta buɗe ɗan ɗakin naɗar shirye-shirye a saman shagonta, ta ɗauki mutane aiki, littattafanta suka shiga makarantu. Ba ta taɓa rubuta wannan labari ba. Na tambaye ta dalili, ta ce ba ta da lokacin fushi, kuma ai ina yi mata. Gaskiya ta faɗa. Mai kayan gini har yau muna haɗuwa a sahu, ina amsa sallamarsa domin wajibi ce, ban ƙara da komai.

Amma a wancan lokaci akwai abin da ya rage. Masu karanta shafin ba su san an cire shi ba, kuma babu hanyar sanar da su a jarida, tunda abin da za a sanar da su da shi shi ne aka hana. Sai na rufe shago ranar kasuwar Paiko na shiga bas ɗin direban nan. Ya sauke ni ya nuna mini mangwaron. Na tarar da su kusan goma a zaune, manoma, wasu ƙafafunsu da jar ƙasa, ɗaya da tabarau ɗaure da zare. Da direban ya ce ga mai rubutun, suka tashi suka ba ni wuri kamar wani babban malami, kunya ta kama ni.

Na faɗa musu abin da ya faru yadda ya faru. Ba su yi hayaniya ba. Mai tabarau, wanda shi yake karanta musu, ya tambaye ni ko waɗanda suka yanke hukuncin sun karanta shafin. Na ce ni na karanta musu. Ya ce to su me suka rasa da aka cire shi? Na ce babu. Ya gyaɗa kai, ya ce haka ya zata. Sannan ya ciro fitowar ƙarshe daga aljihun rigarsa, a ninke, ya nuna mini ƙasan shafin, inda na ce sauran bayanin adana doya yana tafe. Ya ce su doyarsu tana rumbu, ba za ta jira mutanen birni su gama shawara ba.

Sai na gyara zama na ba su sauran da baki: yadda ake ware wadda ta fara taɓuwa, yadda ake kare rumfar daga ɓera, da abin da ba a fesawa a kan abin da za a ci. Uku daga cikinsu suka ciro takarda da biro, suna rubutawa daga dama zuwa hagu, suna cewa in dakata su kamo ni. Na dakata. Ban tashi ba sai da kowa ya gama, direban yana ta danna mini oda a bakin titi.